Hidimar Sistoci da Bashin da ke Kanmu



Muna so mu jawo hankalinku ga wasu mata waɗanda ba su haifa ba, amma suka reni dubban 'ya'ya, wato sistocin Katolika. Kafin mace ta zama sista sai ta yi shekaru tana karɓar horo, sa'an nan ta ɗauki alkawari uku a gaban Allah: ba za ta yi aure ba, ba za ta tara dukiyar kanta ba, kuma za ta tafi duk inda aka tura ta.

An kafa ƙungiyar sistocin OLA a Faransa a 1876, suka sauka Legas a 1878. A 1940 suka buɗe makarantar 'yan mata a Kakuri, Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Sarauniya Amina bayan gwamnati ta karɓe ta. Sistocin St. Louis kuwa sun iso Kano daga ƙasar Ailan a 1948, hidimarsu ta kai har asibitin Zonkwa. A zamanin da iyaye ke ganin karatun 'ya mace asara ne, su suka yi ta lallashi har aka saki yara. Daga ajinsu aka sami malamai, nas-nas da ungozomomi, Kirista da Musulmi. Yau 'ya'yanmu ne ke sanye da wannan lulluɓi.

Mu da muka tsufa da alli a hannu mun san sirrinsu: zama. Ba su aiko da gudummawa daga nesa ba. Sun sha ruwan da muke sha, sun yi zazzaɓin da muke yi, waɗansu ma a ƙasar nan aka binne su.

To, idan baƙuwa ta bar danginta domin 'yar wani, wane hanzari gare mu? Kuɗin da kuke aikowa mun gode, amma kuɗi ba ya shiga aji, ba ya karɓar haihuwa. Muna roƙon kowane reshe na ƙungiya ya ɗauki nauyin yarinya ɗaya har ta gama sakandare. Likita, nas da malami kuma kowa ya ware wa garin nan mako guda a shekara. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya saka musu da alheri, ya mai da ku gidajenku lafiya.