Omega-3 na Tsirrai: Nawa Ke Isa Ƙwaƙwalwa?



Duk wanda ya zaga kantunan Wuse ya ga kwalaben mai da na ƙwayoyi an rubuta musu "omega" da manyan baƙaƙe. Sai dai abin da ke cikin kwalba daban, abin da ke isa ƙwaƙwalwa daban.

A 1929 da 1930 ne George Burr da matarsa Mildred, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, suka nuna cewa akwai maiƙon da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, dole sai an ci. Yau mun san iri biyu ne. Omega-6 ya cika man gyaɗa da riɗi. Omega-3 na tsirrai kuwa, wanda ake kira ALA, a wurinmu waken soya ne babbar hanyarsa, domin kusan kashi 7 cikin 100 na mansa ALA ne.

Shigarsa jiki ba wuya. Ruwan madaciya ya tarwatsa man, ƙaramin hanji ya tsotse kusan dukkansa. A hanta ne wahalar take. Ƙwaƙwalwa da ido wani nau'in omega-3 mai suna DHA suke nema, zuciya da jijiyoyin jini kuma suna amfana da wani nau'in mai suna EPA, don haka sai hanta ta ƙara wa ALA tsawo ta sauya shi. Sinadarin da ke fara wannan aiki shi ne dai ke sarrafa omega-6. Kamar injin markaɗe guda ne a unguwa: idan masu gyaɗa sun cika layi, mai waken soya sai ya jira. Kafin layi ya zo kansa, jiki ya ƙone kaso mai yawa don samun kuzari.

Binciken Graham Burdge da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila, a 2002, ya nuna cewa a jikin samari kimanin kashi 8 na ALA ke zama EPA, DHA kuwa kusan babu. A jikin mata matasa EPA ya kai kashi 21, DHA kashi 9. Ana danganta wannan fifiko da sinadarin istrojin, kuma ni ina ganin rahama a ciki, tunda a watanni 3 na ƙarshen ciki ne ƙwaƙwalwar jariri ke tara DHA daga jikin uwa.

Abin da ke damuna shi ne awara, wadda ake yi da waken soyan nan. Abinci ne mai albarka, mai araha, amma sai mu tsunduma ta cikin man gyaɗa mu soya, mu ƙara wa layin nan tsawo da hannunmu. A riƙa dafa ta cikin miya wani lokaci. Mai juna biyu da mai shayarwa kuma kada su dogara da tsirrai kaɗai. Kifin Titus da shawa da sadin, waɗanda ake samu a Kasuwar Wuse da ta kifi a Kado, suna ɗauke da DHA haɗaɗɗe, hanta ba ta da sauran aiki a kansa. Maigida ya sa su cikin cefane sau 2 a mako.