Jawabin Kwamiti Kan Gyaran Bututun Ruwan Lambuna

Iyayenmu dattawa, da ƴan uwa ƴan bida na kusa da na nesa waɗanda takardar nan za ta iske, muna gaishe ku.

Abin da ya tara mu shi ne bututun siminti da ya ratsa ƙarƙashin hanya yana kai ruwa lambunanmu. Kowa ya ga wurin da ƙasa ke jiƙe ko da rani. Sau biyu muna yaɓe tsagar, sau biyu tana buɗewa. Bana ma wasu sun ce a sake yaɓewa. Mu ƴan kwamiti ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Siminti yana jure danniya, amma ba ya jure ja. Ruwan ciki kuwa waje yake turawa, ƙarfen da ke binne cikin simintin shi ke riƙe da shi. In laima da gishirin ƙasa suka kai ga ƙarfen, sai tsatsa ta ci shi, ta kumbura, ta tsaga simintin. Yaɓe ba ya mayar da ƙarfen da ya mutu.

Ƴan uwanmu da suka yi bida a Libiya sun san babban bututun da aka fara shimfiɗawa a 1984 don jawo ruwa daga ƙarƙashin hamada zuwa biranen bakin teku. Faɗin bakinsa mita 4, mota ma ta shige. Kowace gaɓa an naɗe ta da waya mai ƙarfi, an ja ta tam, kana aka rufe da siminti. Duk da haka tsakanin 1999 da 2001 ya yi ta fashewa, don gishiri ya ci wayar, tana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya ba mai gani. Ba su yar da shi ba. Sai suka haƙe gaɓoɓin da suka raunana, suka zagaya su daga waje da igiyoyin ƙarfe masu rigar roba da maiƙo, suka ja su da jak, suka kulle, suka rufe. Kamar dai yadda ake ɗaure tsagaggen turmi, sai dai da awo.

Namu ƙarami ne, kuma rodi ne cikinsa, ba irin waccan waya ba, amma ciwon ɗaya ne. Babban filin noman rani na Konni, aikin 1976 da 1982 mai shan ruwan Mozage da Zango, da simintinsa ya tsufa gwamnati ce ta gyara shi da taimakon Amurka. Namu kuwa ba mai zuwa. Siminti ga shi nan Malbaza. Ƙarfe da ladan gwani su ne tsada.

Ga abin da muka tsayar. A tsai da ruwa, a haƙe bututun gaɓa-gaɓa, kada a tone ƙasansa duka lokaci guda ya karye. Gwani ya duba tukuna. Wadda ta ɗauru a ɗaure ta da ƙarfe, a lulluɓe da kankare mai kauri. Wadda ta ruɓe sarai a sauya ta, kada kowa ya ji nauyin faɗa.

Kowane magidanci jikka 5, ɗan bida jikka 10, a hannun ma'aji. Muna roƙon kuɗin su iso kafin a gama girbi, don in dashen albasa ya zo ba mai yarda a tsai da ruwa ko na kwana uku. Allah ya ba mu ikon cikawa. Wassalam.