A JI TA BAKIN MUTUM KAFIN A YANKE MASA HUKUNCI

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya, a nan Bauchi)

 

An ɗora mana magana a kan abubuwa uku da ake yawan musu a kansu a rumfunanmu, wato tsige shugaba, da kafofin watsa labarai masu bin jam'iyya, da kuma sha'anin beli. To mu dai ba lauyoyi ba ne, 'yan kasuwa ne. Amma tun muna Islamiyya aka koya mana cewa wanda ya yi zargi shi ke kawo shaida, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowane ɓangare. Da wannan mudu za mu auna duka ukun.

Bari mu fara da tsigewa. Sashe na 143 na tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa hanyar cire shugaban ƙasa, kuma hanya ce mai tsawo. Da fari sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan Majalisar Tarayya sun sa hannu a takardar zargi. Sannan kowace majalisa, ta Dattawa da ta Wakilai, ta amince da kashi biyu bisa uku cewa a bincika. Daga nan Babban Jojin Ƙasa ya naɗa mutum 7 waɗanda ba 'yan jam'iyya ba, a ba su wata 3, shi kuma wanda ake zargi ya zo ya kare kansa ko ya turo lauya. In suka ce ba laifi, magana ta mutu. In suka ce akwai, sai an sake samun kashi biyu bisa uku a kowace majalisa. Sashe na 188 ya tanadi irin wannan ga gwamna da mataimakinsa. Ba banza aka tsawaita hanyar ba, an yi ne don kada mutum ɗari su warware abin da miliyoyin masu ƙuri'a suka ƙulla, sai da hujja.

Har yau ba a taɓa tsige shugaban ƙasa a Nijeriya ba. An dai kusa a watan Agusta na 2002, lokacin da Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'Abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka ko a tsige shi, sai manyan ƙasa suka shiga tsakani. A Amurka ma majalisar wakilai ta tuhumi Andrew Johnson a 1868, da Clinton a 1998, da Trump a 2019 da 2021, amma ba wanda majalisar dattawa ta cire a cikinsu.

A jihohi ne abin ya fi yin aiki, kuma a nan ne ya fi ɓaci. Dattawan cikinmu sun san labarin Alhaji Balarabe Musa na Kaduna. Shi ɗan PRP ne, majalisa kuwa 'yan NPN ne ke da rinjaye. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya, har suka tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Da ya je kotu, sai aka ce tsarin mulkin 1979 ya hana kotu sa baki a wannan sha'ani.

A nan gida kuwa mun ga namu. A 2009 Gwamna Isa Yuguda ya bar ANPP ya koma PDP, mataimakinsa Alhaji Garba Gadi ya ƙi binsa, majalisar jiha ta tsige shi a shekarar. A 2010 Babbar Kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba, ta soke tsigewar. A Oyo 'yan majalisa 18 cikin 32 suka cire Rashidi Ladoja a farkon 2006, kotu ta mayar da shi kafin shekara ta ƙare. A Adamawa aka cire Murtala Nyako a 2014, kotu ta soke a 2016, amma wa'adinsa ya riga ya wuce, ba kujerar komawa. Jama'a ku duba, cikin waɗannan nawa ne aka yi don talaka ya yi kuka? Yawanci rikicin manya ne ake sa wa rigar doka.

Ra'ayinmu shi ne, tsigewa abu ne mai kyau, domin shugaban da ya san ba mai iya taɓa shi, to sai abin da hali ya yi. Amma wuƙa ce ta fawa, ba ta faɗa ba. Duk wanda ya yi tafi yau don an cire ɗan jam'iyyar da ba ya so ta hanyar da ba ta dace ba, ya sani gobe da wannan hanya za a cire nasa.

To wa ke shirya zukatanmu mu yi wannan tafin? Nan muka zo kan rediyo da jarida. Hausawa mutanen rediyo ne, ba rumfar da ba ta da ita. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, New Nigerian a 1966. A jamhuriya ta biyu 'yan PRP sun yi ta kukan cewa Rediyon Kaduna da New Nigerian sun karkata wajen NPN, gwamnatin Abubakar Rimi a Kano kuma ta kafa jaridar Triumph a 1980 don a ji nata ɓangaren. Mutum biyu a layi ɗaya, ɗaya ya kwana da cewa Balarabe ya karya doka, ɗaya ya kwana da cewa an zalunci wanda ya soke haraji da jangali, kowa kuma yana rantsuwa a kan abin da ya ji.

Tun da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi a 1992, muryoyi sun yi yawa, kuma wannan ci gaba ne. Sai dai mu da muke saye da sayarwa mun fi kowa sanin cewa fili a rediyo saye ake yi, kamar yadda ake kama rumfa. Sojan bakan da ke zagin wani da daddare, akwai wanda ya biya kuɗin filin, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Yanzu ga WhatsApp da Facebook, inda ba edita, ba mai tambaya. Kafin kwamiti ya zauna, kafin alƙali ya buɗe fayil, an gama yi wa mutum shari'a a waya. Ashe mun manta cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya?

Abu na uku shi ne wanda ya fi taɓa gidajenmu, wato beli. Beli ba sallama ba ne, amana ce: a ba mutum damar komawa gida, wani ya tsaya masa cewa zai kawo shi ranar shari'a. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Sashe na 35 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a cikin kilomita 40, in babu, kwana biyu, ban da manyan laifuka irin na kisa. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara gyara: kada a tsananta sharuɗɗan beli, mace na iya tsaya wa mutum, kuma majistare ya riƙa zagaya caji ofis duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta kuma hana kama shi a kan rikicin bashi ko ciniki zalla.

Doka ke nan a takarda. A ƙasa kuwa, kimanin biyu cikin kowane mutum uku da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Yaro ɗan dako sai a ce ya kawo babban ma'aikacin gwamnati da takardar fili. Ina zai samo su? Mu kuma da muka zo daga Kano da Katsina da Zariya da Haɗeja muka zauna, danginmu na nesa, abin ya fi yi mana nauyi. Ko manya ba su tsira ba. Kotuna sun ba Sambo Dasuki beli ba sau ɗaya ba tun 2015, amma bai fito ba sai Disamba 2019, kuma da yawa sun yi shiru don ba ɗan jam'iyyarsu ba ne. In ana iya take umarnin kotu a kan tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara, me zai hana a take a kan mai tura baro?

Wani zai ce, ai in aka sassauta beli ɓarayi za su dawo su addabe mu. Wannan tsoro ne na gaskiya, domin ba wanda bai san zafin a fasa masa shago ba. Amma maganinsa a hanzarta shari'a, a hukunta mai laifi da shaida. Yaron da aka ajiye wata 8 a kan zargin waya, tare da riƙaƙƙun masu laifi, ba mutumin kirki zai fito ba.

Saboda haka muna ba ƙungiya shawara huɗu. Na ɗaya, a ware dattawa sanannu masu adireshi waɗanda za su riƙa tsaya wa 'ya'yanmu a ƙananan tuhume-tuhume, bayan an binciki halin yaro, kuma ƙungiya ta tabbatar ya halarci kotu. Na biyu, a san ofishin Hukumar Ba Da Agajin Lauyoyi, wadda aka kafa tun 1976 don marasa hali. Na uku, mu daina kai junanmu caji ofis a kan bashi, ga shugabannin kasuwa, ga kotu. Na huɗu, duk labarin siyasa da ya zo mana, mu tambaya wa ya faɗa, wa ya biya, sannan mu nemi jin ɗaya ɓangaren kafin mu tura wa wani. Ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a kuma, a tambaye shi a gaban jama'a: in aka kawo maka takardar tsigewa, za ka karanta kafin ka sa hannu?

Allah ya ba mu shugabanni adalai, ya fitar da waɗanda ke tsare ba da haƙƙinsu ba, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da Bauchi da Nijeriya lafiya.