Jawabi a kan ƴan Bosniya mazauna ƙasashen waje



Ƙidayar 1991 ta samu mutum kusan miliyon 4 da dubu 400 a Bosniya. Ta 2013 kuwa miliyon 3 da rabi ta samu. Mutuwa ta ci wani kaso na wannan giɓi, amma mafi yawan waɗanda ba a gani ba suna raye a ƙasashen mutane.

Ficewa daga ƙasar ta samo asali tun 1878, lokacin da taron Berlin ya damƙa ta ga Ostiriya-Hangari bayan shekaru sama da 400 a hannun daular Usmaniyya. Musulmi da dama suka ƙi zama ƙarƙashin sabon mai mulki, suka yi hijira Turkiyya. Wasu suka kai har Falasɗinu, inda ake kiran zuriyarsu Bushnak. Daga baya sai ƴan ci-rani, musamman bayan yarjejeniyar ƙwadago ta 1968 tsakanin Yugoslabiya da Jamus ta Yamma. Mahaifin Zlatan Ibrahimovic ma ci-rani ya kai shi Suwidin, aka haifi ɗan a Malmo a 1981.

Babbar ƙaura ita ce ta yaƙi. A zaɓen jam'iyyu da yawa na Nuwamba 1990, jam'iyyu uku na ƙabila suka raba ƙuri'u, kowa ya bi nasa, kuma a Afrilu 1992 bindiga ta karɓi magana. Kafin ƙarshen 1995 an kashe mutum wajen dubu 100, fiye da miliyon 2 sun bar gidajensu, wato rabin al'umma. A Srebrenica kaɗai, cikin Yuli 1995, an hallaka maza da samari kimanin dubu 8.

Jamus ta karɓi wajen dubu 350, amma da takardar zama ta wucin gadi. Da aka ƙulla sulhun Dayton sai ta ce kowa ya koma gida. To, wane gida? Sulhun ya ba kowa haƙƙin komawa, sai dai garin mutum yana hannun waɗanda suka kore shi, ɗakinsa kuma ko an ƙone shi ko wani na ciki. Shi ya sa dubbai suka zarce Amurka. A birnin Saint Louis suka tarar da unguwar Bevo Mill ta fara zama kufai, suka sayi gidaje da arha, suka buɗe gidajen burodi da mahauta, suka shiga sufurin manyan motoci. Wanda dā injiniya ne ko malamin makaranta, da aikin ƙarfi a masana'anta ya fara, domin takardar shaidarsa ba ta ci a can.

Ƴaƴansu ne suka ci moriyar wannan wahala. Vedad Ibisevic, wanda ya yi samartakarsa a Saint Louis, shi ya jefa wa Bosniya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya, a ragar Ajantina, a 2014. Alma Zadic, haifaffiyar Tuzla, ta shiga Ostiriya tana da shekara 10, ta kuma riƙe ministar shari'a ta ƙasar daga 2020 zuwa 2025. Sasa Stanisic ya isa Jamus a 1992 bai iya Jamusanci ba, a 2019 ya karɓi babbar kyautar littafin Jamus.

Kuɗin da mazauna waje ke aikawa gida ya kai wajen kashi 10 cikin ɗari na arzikin da Bosniya ke samarwa a shekara. Da shi aka sake gina ƙauyuka da yawa, sai dai galibin masu komawa zama tsofaffi ne. Gidaje masu yawa a watannin Yuli da Agusta kawai ake buɗe su, lokacin hutun Turai, sannan a sake kulle su.