Fitilar Cek Ta Kama? Gogewa Ba Gyara Ba Ce

 Masu sauraro, direbobi da masu motoci, tun makon jiya kiranku yake shigowa kan magana guda: wai idan fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a dashbod, sai a cire kan batir na ɗan lokaci, ko a kai wa mai kwamfuta ya goge, shi ke nan. Alhaji, Hajiya, a ɗan dakata da hira a ba ni kunne. Gogewa ba gyara ba ce.

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke zuwa da tsarin OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Yawancin 'yan Beljiyam ɗinmu suna da shi. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga soket mai rami 16. Nan ake jona na'ura, mota ta faɗi lambar abin da ke damunta. P0301, silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. P0300, matsalar tana yawo tsakanin silindoji. P0171, iska ta rinjayi fetur. P0420, abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi ya yi rauni.

To, in aka goge lambar, me ya canza a cikin injin? Babu. Kamar ka toshe bakin yaro mai kuka ne, ciwon yana nan.

Wani bawan Allah ya kira mu, ya ce sau da yawa ana goge masa tana dawowa, har ta fara ƙyaftawa, motar tana rawa, shi kuwa ya ci gaba da taka totur. Haba malam! Fitila mai ƙyaftawa tana nufin ɗanyen fetur yana gangarawa salansa, yana gasa indomin. Abin da fulogi ko kwail guda zai magance, ya koma sayen kaya mai tsadar gaske. In ta fara ƙyaftawa, rage gudu, samu wuri ka faka, kira makanikenka.

Ku ma iyayen gidanmu na gareji, ku ji tsoron Allah. Lamba tana nuna inda za a bincika ne kawai. Ta ambaci sensa, sai ku ce a sayo sabuwa, alhali wataƙila ɓera ne ya ci waya, ko tiyon iska ya tsage. A auna tukuna. Masu cire ƙwan fitilar ko liƙe ta don su sayar da mota kuwa, wannan ha'inci ne. Mai saye, murɗa makulli kada ka tayar: dole fitilar ta kama, sai inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa ta.

Wanda ya kunna rediyo yanzu, na sake faɗa: kada ka yarda a goge kafin a gyara. Sa a rubuta maka lambar, a gyara, sannan a goge, ka yi 'yan kwanaki kana tuƙi ka ga ko za ta dawo.

Sauran a gurguje. Ɗaure murfin tanki sosai, sakinsa kaɗai yana iya kunna ta. Canza matatar iska, musamman da hunturu. Guji fetur ɗin da ba ka yarda da shi ba. Jar fitilar baƙin mai kuwa daban take: ita in ta kama, kashe inji nan take.