Jawabin Magatakardan Ƙungiya: Nisan Kano da Gwanzu da Lissafin Awoyi

Ranka ya daɗe Shugaba, iyayen ƙungiya, Alhazai da Hajiyoyi da suka taho daga Maraɗi, Damagaram, Katsina da Kano, barkanmu da zagayowar wannan rana.

Shugaba ya ba ni minti kaɗan, zan yi su ne a kan tambayar da ta fi zuwa teburina: awa nawa ne daga Kano zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin?

Tsakanin filin jirgin Malam Aminu Kano da filin Baiyun na Gwanzu, miƙe tsaye, kusan kilomita 11,000 ne. Sai dai ba miƙe tsaye muke zuwa ba, ana yada zango. Ta Addis Ababa, Kano zuwa can kimanin kilomita 3,300 ne, awa 5 ko ƙasa da haka kaɗan. Daga Addis zuwa Gwanzu kimanin kilomita 8,000, wajen awa 10. Ke nan awa 15 a sama, ban da jiran canjin jirgi.

Ga inda ake tuntuɓe. Agogon Nijar da Najeriya ɗaya ne, Habasha ta riga mu da awa 2, Sin da awa 7. Kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da aka ambata ne. Misali, ka tashi Kano ƙarfe 1 na rana ran Litinin, ka jira awa 4 a Addis. Tafiyarka awa 19, a agogon gida ƙarfe 8 na safen Talata. A Gwanzu kuwa ƙarfe 3 na yamma ne. Kafin ka fito daga shige da fice, ka ɗauki kaya, ka isa masauki, wunin ya tafi.

Bara wani ɗan'uwanmu ya yi lissafi da agogon gida, ya tsayar da alkawari da mai masana'anta ranar saukarsa da safe. Ya iso mutumin ya bar gari. Kwana 4 ya ƙara a otal, kayansa suka rasa kwantenar da aka haɗa da su, suka iso bayan Sallah. Atamfar Sallah bayan Sallah, kun san kuɗinta.

Don haka, Alhazai, kada a sa alkawari ranar sauka, a bar shi sai washegari. Na Maraɗi da Damagaram su kwana a Kano, domin iyaka ba ta san jirginka zai tashi ba. Masu nufin baje kolin Kanton na Afrilu ko Oktoba su kama masauki da wuri. Wanda tikitinsa ya rikita shi ya kawo ofis, mu duba tare kafin ya biya.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa.