Kowane Lokaci Da Aikinsa: Jawabi A Taron Shekara Na Tsofaffin Ɗalibai



Yau na yi sammako na zaga makarantarmu kafin a fara taro. Na tarar furannin da muka sha yi wa ban ruwa a gaban ɗakin taro duk sun mutu, bangon ajinmu kuwa babu komai a jikinsa sai tsaga da rubutun gawayi. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin mu da muka ci moriyar wurin ba mu waiwaye shi ba. Abin da zan faɗa shi ne, gyaran wuri bai cika buƙatar kuɗi mai yawa ba, abin da yake buƙata shi ne sanin lokacin kowane aiki.

Ni ma sai da na sha kashi na gane haka. Gidan da nake haya tsakar gidansa siminti ne, sai na shuka tumatir a cikin bokiti ana tsakiyar bazara, ban ko huda gindin bokitin ba. Ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, wanda ya tsira kuma zafi ya kaɗe masa fure. Wani dattijo mai lambu ya dube ni ya ce, “Yaro, ba hannunka ne marar kyau ba, lokaci ne ba ka sani ba.” Shi ya koya mini in huda gindin mazubi, in haɗa ƙasa da yashi da takin da ya riga ya ruɓe, domin ɗanyen taki ƙona shuka yake yi.

Da damina, tsohon buhu ko bokiti ko taya ya isa a shuka alayyahu da rama da yakuwa da kuɓewa. Alayyahu cikin sati 4 an fara tsinka. Zogale ma yana yi a babban mazubi, in ana datse kansa. Sai dai a kula, duk mazubin da ruwa ya kwanta a ciki ya zama gidan sauro.

Da kaka, a tara iri a shanya, a adana. Lokacin ne kuma ake samun sabuwar ƙwarya da kara da zana. Iyayenmu mata da faifai da ƙwarya da tabarma suke ƙawata ɗaki, kuma har gobe faifai uku a jikin bango sun fi furen roba kyan gani.

Da hunturu, lokacin tumatir ne da latas da albasa da karas, domin sanyi suke so. Shi ne kuma lokacin yaɓe da shafa farar ƙasa, tunda babu ruwan da zai wanke aikin.

Da bazara, a janye shuke-shuke zuwa inuwa, a ba su ruwa safe da yamma, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa don ta riƙe laima.

Tunda na ambaci yaɓe, bari in koma kan bangonmu. Ƙasar Hausa ba baƙuwar adon gini ba ce. Babban Gwani Malam Mika'ila ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yanzu masana gini na zuwa kallonsa. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko ya zaga cikin birnin Zariya, ya ga zanko da dagi a fuskar zaure. Magina suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, suna kuma haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara don kada ruwa ya ratsa soro. Mai wucewa ba ya biyan ko kwabo yake kallon wannan ado. Amma yau bulo da kwano sun mamaye gari, gwanayen suna tsufa, masu koyo kuwa sun yi ƙaranci.

Saboda haka ina ba ƙungiya shawara biyu. Ta farko, a hunturu mai zuwa mu ɗauko magini gwani ya yi wa fuskar ɗakin taro zane irin na gargajiya, ɗalibai suna kama masa aiki, ko Allah zai sa wani ya ɗauki sana'ar. Ta biyu, kowane rukuni na tsofaffin ɗalibai ya ɗauki gaban aji ɗaya, ya kawo mazubi 10 da iri, malamin aikin gona ya raba wa yara kulawa, a kuma sa wanda zai yi ban ruwa lokacin hutu. Ni na ɗauki gaban ajinmu, kuma zan kawo nawa kafin ruwan farko.

Malamanmu, ku kuka koya mana cewa da sanyin safiya ake kama fara. Muna roƙon ku sa mana ido kamar yadda kuka saba, wanda ya yi alkawari bai cika ba a kira sunansa a taron baɗi.